Shekarar da Talauci Ya Yi Tsada a Lafiya-Lau

A wani gari da ake kira Lafiya-Lau, inda ko gini ne ya faɗo wa mutum aka tambaye shi yaya jiki sunan garin yake faɗa, an yi wata ɗaliba mai suna Balaraba, 'yar Malam Haladu mai wanki da guga. Garin yana da Jagora, Alhaji Za-a-Duba. Yana da Majalisar Gyaɗa Kai mai mutum goma sha biyu. Yana kuma da jami'a guda, Jami'ar Sannu-Sannu, wadda a rubuce karatun shekara huɗu ake yi a cikinta, ko da yake ba a san wanda ya taɓa fita a ƙasa da bakwai ba. Balaraba tana cikin ta shida, saura mata darasi ɗaya tak ta kafa tarihi.

Darasin shi ne Tarihin Ci Gaban Gari, wanda dole ne a kan kowane ɗalibi, littafinsa kuma shafi huɗu ne har da bango. Ba faɗuwa ta yi ba. Takardar jarrabawarta ce ta ɓata a ofishin malamai. Bayan wata biyu ta tsaya sayen gyaɗa a ƙofar jami'a, sai aka ƙunso mata a wata takarda da ta ga kamar ta san rubutun. Ta warware. Ga sunanta, ga lambarta, ga maki tamanin da ɗaya da jan biro. Da gudu ta kai wa Magatakarda. Ya ɗaga takardar da yatsa biyu, ya duba ta a hasken taga, ya ce jami'a ba ta karɓar sakamako mai maiƙo. Sannan ya tambaye ta ko da sauran gyaɗar.

Hanya biyu ta rage mata. Ko ta jira shekara guda cur darasin ya sake zagayowa, ko ta shiga Zangon Rani, wato karatun da ake yi cikin dogon hutu don masu ragowar darasi. A tsakiyar damina ake yin sa, ana tsallake kududdufai da lema a hannu, amma tunda kalandar da Majalisa ta kwafo daga wata ƙasa ta ce rani ne, kowa rani yake cewa. Jira kuwa ba zai yiwu mata ba. Shugabar wata makarantar 'yammata ta yi mata alkawarin aikin koyar da kimiyya in ta kawo sakamako kafin a koma hutu, in ba ta kawo ba akwai masu jira. Ga shi bayan Malam Haladu ya fara ƙin miƙewa in ya tashi daga kan guga, sai ya dafa bango ya yi kamar yana duba wani abu a jikinsa. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a gidan, don haka duk wannan a idonta yake. Kuɗin zangon kuwa, ko rigunan garin duka zai goge har da na limamai, ba zai haɗa shi kafin a rufe rajista ba.

Ana cikin haka wata safiya rediyo ta sanar cewa Jagora, saboda tsananin ƙaunarsa ga matasa, ya kafa Asusun Share Hawayen Ɗalibai, wanda zai biya wa kowane ɗan talaka kuɗin Zangon Rani. Malam Haladu yana hura gawayin dutsen guga lokacin. Ya tsaya da kumatu a kumbure har aka maimaita sanarwar, sannan ya saki iskar ya fashe da dariya. Balaraba ta kama bokitin wanki tana kiɗa a gindinsa. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, suka ji, su ma suka shiga murna, domin a unguwarsu ta Bayan Kwata, in dai talauci ne sharaɗi, babu gidan da bai ci jarrabawar ba tun kafin a buga ta.

Ran da za ta je neman tallafin, Malam Haladu ya ajiye kayan mutane gefe ya ɗauko atamfarta guda ɗaya ta fita da farin mayafinta. Ya sa musu sitati, ya bi su da guga gaba da baya, ya fitar da karin da zai iya yanka tumatir.

"Wurin manya za ki, Laraba," ya ce. "Ba a shiga a yamutse."

Ofishin Tantance Masu Buƙata yana hawa na biyu a gidan Majalisa, layi kuma ya sauko har tsakar gida. Balaraba ta bi mutanen da ke layin da kallo. Tun da aka haife ta a Bayan Kwata ba ta taɓa ganin tsummokara irin waɗannan ba. Riguna sun yage har sun gaji, silifa ƙafa ɗaya ja ɗaya shuɗi an ɗaure da waya. Wadda ke gabanta ta fi kowa ban tausayi, har Balaraba ta fara kwance bakin mayafi ta raba kuɗin motarta biyu ta ba ta. Sai wani turare ya bugo ta, irin wanda take ji a jikin manyan rigunan da ake kawo wa babanta. Yarinyar ta juyo. Suhaila ce, 'yar ajinsu, 'yar Sarkin Kasafi, ɗan Majalisar da makullin baitulmalin gari ke hannunsa.

"Suhaila? Me ya same ku?"

"Ke, rage murya. Haya na yi. Ya yi kyau? Mai shagon ya ce yagar kafaɗar nan ita ake yayi."

"Ke ma tallafin kika zo nema?"

"Darasi uku ne a kaina. Abba zai iya biya, amma ya ce abin gwamnati ba a barin sa ya wuce ƙofar gida." Ta dubi Balaraba sama da ƙasa cikin tausayi. "Ke kuma haka kika zo?"

Ta tagar bene Balaraba ta hango bayan ginin. Motoci ne jere a inuwa, direbobi sun kwantar da kujeru suna jiran talakawan su gama.

Fam ɗin shafi goma sha huɗu ne. Tambaya ta farko tana son a rubuta rana da wata da shekarar da aka fara talauci. Wata tana neman sunayen masu arziki biyu da za su rantse ba su san mai nema ba. Balaraba ta cike duka da rubutunta mai kyau, ta shiga gaban Babban Mai Tantancewa, Malam Tsaya-Tukuna, wani siririn mutum mai tabarau a ƙarshen hanci. Bai kalli fam ɗin ba. Mayafin ya kalla.

"Wa ya yi miki wannan gugar?"

"Babana, ranka ya daɗe. Sana'arsa ce."

"Wato kina da mai guga na kanki a cikin gida." Ya rubuta. "Jiya me kuka ci?"

"Tuwo, ranka ya daɗe."

"Da miya?"

"Da miya. Ta kuka ce, babu nama."

"Ban tambaye ki irinta ba." Ya sake rubutawa.

Sannan ya jawo wani littafi mai kore bango, Jagorar Gane Talaka, ya yi mata bayani a tsanake, domin shi mutum ne mai son a fahimce shi. Talauci yana da alamomi da masana suka tantance. Yaga uku a tufa, a ƙalla. Ajiyar zuciya kafin kowace amsa. Ido a ƙasa. Ita kuwa tun da ta shigo take kallonsa ido cikin ido, har ta yi murmushi sau biyu, ya ƙirga. Ya ba ta maki goma sha ɗaya cikin ɗari. Amma kada ta karaya, in ji shi, akwai mataki na biyu, ziyarar gida. In gidan ya yi muni sosai zai iya ceto ta. Sai dai kafin kwamiti ya taka ƙofarta dole ta kai fam ɗin ofisoshi uku a buga masa hatimi, kowane hatimi da ladansa, kuma kwana uku gare ta.

Ta fito ta bi ta Kasuwar Ko-Nawa don ta ga inda Suhaila ta yi haya. Ta tarar an buɗe sabon layi tsakanin 'yan gwanjo da 'yan kwanuka, ana ce masa Layin Babu, cinkosonsa ya fi na jajibirin Salla. Tsumma ya fi shadda tsada. Akwai shagon da ke sayar da faso na shafawa a dunduniya. Akwai wata mata da ta kafa benci tana koyar da ajiyar zuciya, 'ya'yan manya sun jeru suna yi tare kamar masu tari. Akwai wata ramammiyar akuya da ake hayarta awa-awa, sai an rubuta suna an jira, mai ita kuma yana tsaye da sanda kada wani mai tausayi ya ba ta ɓawon ayaba ya karya masa jari. Balaraba ta taya wata riga mai yaga uku, hayar yini ɗaya. Da ta ji farashin sai ta yi ajiyar zuciya ta gaske. Mai koyarwar ta juyo da sauri ta ce wa ɗalibanta, "Kun ji? Haka nake so."

A gida ma abin ya iso. Wani ɗan kwangila ya kawo wa Malam Haladu sabuwar farar shadda ya ce a tsofar masa da ita kafin jibi, zai biya ninki uku na wanki. Malam Haladu ya zauna da rigar a cinya, ga toka ga jar ƙasa a gabansa. Ya daɗe yana kallonta. Da jibin ta zo ya miƙa wa mutumin rigarsa tana ɗaukar ido, an sa mata bula da sitati. Hannunsa ne ya ƙi, in ji shi. Mutumin ya tafi yana cewa sai ya kai shi gaban alƙali don ya lalata masa tsumma.

Ran da ya rage kwana ɗaya a buga hatimi, Mudi ya yi sallama. Mudi shi ne babban dillalin Layin Babu, gajere mai fara'a, da igiyar awo a wuya. Tun daga zaure ya fara salati. Ya auna tsagar bango da kamu, ya ɗaga kai ya ƙirga taurarin da rana ke yi ta cikin kwanon rufi, ya shafa ƙyauren da ke tsaye da taimakon dutse.

"Baba, wannan gida na asali ne," ya ce. "Ba a samun irinsa yanzu, duk na jabu ne. Ka ba ni hayarsa yini ɗaya. Da kai a ciki."

"Da ni?"

"Gida babu uba ba ya kawo maki. 'Yar wani babban mutum ce za ta zauna a nan in kwamiti ya zo."

"Ni ba na ƙarya, Mudi. Na tsufa da fara ta."

"Wa zai sa ka magana, Baba? Ka zauna ka yi gugarka. Su za su yi wa kansu bayani."

Malam Haladu ya dubi Balaraba, ya dubi fam ɗinta da ke kan taga babu hatimi ko ɗaya. Abin da Mudi ya ambata zai buga ukun daidai. Ya ce to.

Washegari Balaraba ta buga hatimanta da sassafe, ta dawo ta hau turmin maƙwabta tana leƙe ta katanga. Suhaila ce aka kawo. An sauke ta a bakin lungu ta ƙaraso da ƙafa, ta zauna a gefen tabarma ta tattare ƙafafu saboda tsoron kaji. Kwamiti ya iso, mutum huɗu, Malam Tsaya-Tukuna a gaba. Shigarsu ke da wuya aka tsuge da ruwan ranin nan. Rufi ya yi aikinsa. Ɗigo ɗaya ya sauka a tsakar fayil ɗin Malam Tsaya-Tukuna, wani a bayan wuyansa, sai ya cire tabarau ya fara kuka. Sauran ukun da suka ga shugaba yana kuka suka taya shi. Malam Haladu bai ɗaga kai ba, guga yake yi. Magana ɗaya ce ta fita daga bakinsa, lokacin da tartsatsin gawayi ya tashi.

"'Yar nan, matsa kada wuta ta taɓa ki."

Kwamiti ya rubuta cewa uba ne mai tausayi. Suka ba Suhaila maki casa'in da takwas, suka ɗauke su hoto tare, suka zana jan gicciye a ƙyaure, suka fita suna share hanci.

Bayan kwana biyu suka dawo don Balaraba. Wannan karon ta kwana da atamfar a ƙarƙashin filo don ta yamutse, Malam Haladu kuwa ya kasa kallonta, ya juya fuska bango. Zuciyarta fes, domin ta ga da idonta abin da gidan ya yi wa kwamiti. Malam Tsaya-Tukuna ya tsaya a ƙofa ya nuna jan gicciyen da biro.

"Talaucin gidan nan an riga an yi amfani da shi."

"Ranka ya daɗe, ai gidanmu ne. A nan aka haife ni."

"Ban musa ba. Amma an karɓi tallafi a kansa shekaranjiya. Ba a cin talauci ɗaya sau biyu, almundahana ke nan." Ya leƙa ciki ya hango Malam Haladu, fuskarsa ta yi laushi. "A'a, Baba. Ina Suhaila?"

"Wannan ubana ne," in ji Balaraba.

Ya buɗe fayil ya nuna mata hoton. Ga Malam Haladu da farar hularsa, ga Suhaila, ga hatimin Majalisa a ƙasa. A wurin hukuma, in ji shi, wannan dattijo 'ya ɗaya gare shi, kuma ba ita ba ce. Sai kuma idonsa ya yi haske, don shi da gaske mutum ne mai son taimako.

"Tsaya tukuna. In ba ki da uba a rubuce, ai marainiya ce ke. Marayu suna da kaso na musamman, ba a ma duba musu tufa. Ki kawo mini takardar rasuwar mahaifinki kafin azahar ɗin gobe, ni da kaina zan sa hannu. In ba ki kawo ba na rufe fayil, wanda aka rufe wa kuwa sai baɗi."

Suka tafi. Malam Haladu ya zuba sabon gawayi, ya hura, ya gwada zafin dutsen da yatsa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ki je ki karɓo, Laraba. Mudi ya san inda ake yi. Takarda ce, ni ba karatu na iya ba, ba zan ma san abin da ke ciki ba. Ran da ta gaskiyar ta zo sai ki ce kin riga kin yi."

Balaraba ta zauna a ƙasa kusa da shi. Ta kalli hannuwansa, duk tabon ƙuna, wasu sun girme ta. Da waɗannan aka biya mata firamare da sakandare da shekara shida a Sannu-Sannu, riga-riga.

"Ba zan rubuta ka mutu ba, Baba, ko da digiri goma za su ba ni."

"To aikin fa?"

"Bari in yi tunani."

Azahar ta wuce, aka rufe fayil. Ita kuwa ta je ta ari Jagorar Gane Talaka a wurin masinjan ofis, ta karanta shi daga bango zuwa bango, abin da ko waɗanda suka rubuta shi ba su yi ba. A shafi na sittin da biyu ta sami abin da take nema. Dokar ba ta ce gida ɗaya talauci ɗaya ba, cewa ta yi ƙofa ɗaya talauci ɗaya. Uba kuma, in ji sakin layi na gaba, ana shaida shi da hularsa. Wannan ba zai buɗe nata fayil ɗin ba. Amma akwai 'ya'yan manya sama da ɗari da ke jiran ziyarar gida, gidajen asali kuma sun yi ƙaranci. Ta kuma ji daga bakin Suhaila abin da Sarkin Kasafi ya biya Mudi, ta gane cewa kashi ɗaya cikin goma ya ba su.

Ta tara mutanen Bayan Kwata a gindin dalbejiya bayan la'asar ta yi musu bayani. Washegari unguwa ta tashi da ƙarar diga. Kowa na fasa bango. Kafin mako ya ƙare gidan Malam Haladu yana da ƙofa biyar, iska na shiga ta gabas ta fita ta yamma ba ta gaisa da kowa ba. Balaraba ta kafa tebur a bakin lungu tana raba lokaci, babu dillali. Wata tsohuwa da ba ta taɓa haihuwa ba ta wayi gari da jikoki tara. Malam Haladu ya ari huluna huɗu, ya zama uban mutum biyar a rubuce, cikinsu har da wani ƙato mai gemu da ya kusa kai shi shekaru. Kwamiti ya yi ta zuwa yana kuka ta ƙofofi daban-daban, Malam Tsaya-Tukuna har ya fara zuwa da tawul. Sau ɗaya ya tsaya ya dubi Malam Haladu ya ce kamar ya san fuskar. Sai ya duba fayil, ya ga wancan mai farar hula ne, wannan mai ruwan ƙasa, ya ba shi haƙuri.

Duk wannan Malam Haladu bai furta kalma ɗaya ta ƙarya ba, amma abin yana cin sa. Wata rana da suka rage su biyu ya ce, "Laraba, wannan abin da muke yi, yana da kyau kuwa?"

"Ban sani ba, Baba. Amma gidanmu ne, talaucinmu ne. Shekara talatin yana zaune da mu bai taɓa biyan haya ba."

Ya yi dariya har ya dafa bango. Duk da haka daga ranar kowace riga ya goge da istigfari yake bin ta.

Saura kwana ɗaya a rufe rajista Balaraba ta je ta biya kuɗin zangon da kanta daga kuɗin hayar gidansu. Sai da aka kira Magatakarda, don ba a taɓa ganin ɗalibin da ya zo da nasa ba a wannan zangon, ba su kuma san wane rasit za su yanka ba. Ranar farko ta shiga aji da sassafe ta kama kujerar gaba. Sunaye sittin da uku ne a rajistar darasin, sittin da biyu 'yan Asusu. Ita kaɗai ta zo. Sauran sun karɓi tallafi sun tafi hutu ƙasar da ranin yake na gaske. Ita da malamin suka zauna ƙarƙashin lema ɗaya a cikin aji, suka gama Tarihin Ci Gaban Gari kafin ƙarfe goma, sauran mako shidan suka yi hira. Ran jarrabawa ta tsaya a kansa har ya duba, ta sa takardar a leda, ta raka ta da ƙafarta har cikin durowar Magatakarda, ta jira ya kulle. Ta ci. Ta kai wa shugabar makarantar sakamako ana saura kwana biyu a koma hutu, aka nuna mata ajinta.

A Bayan Kwata kuwa kuɗin haya ya yi abin da ba a yi tsammani ba. Mutane suka sayi kwano suka sake rufi. Aka yi yaɓe, wasu har da fenti. Tsohuwar nan mai jikoki tara ta sa siminti a ɗakinta. Malam Haladu ya toshe ƙofa huɗu, ya sa kafinta ya yi masa dogon tebur don ya daina sunkuyo. Akuyar kasuwa ma wani ya faki idon mai ita ya ba ta dusa, ta murmure, darajarta ta faɗi. Da Mudi ya zagaya unguwar bayan girbi da igiyar awonsa, bai sami tsaga ɗaya da za ta sa kwamiti hawaye ba. Ya ruga gidan Sarkin Kasafi. Aka yi lissafi, aka ga baɗi 'ya'yan manya da ƙannensu da 'ya'yan direbobin surukansu da za su nemi tallafi sun haura ɗari uku, gidajen da suka rage a lalace kuwa ba su kai ashirin ba. Hankalin masu gari ya tashi.

A haka aka zo bikin rufe Asusun na bana, a filin gaban gidan Majalisa. An kafa rumfuna, an jera manyan tukwanen shinkafa da kaji a bayan kujerun 'yan Majalisa. Balaraba ta zo da babanta suka tsaya can baya da sauran jama'a, shi cikin farar rigar da ya goge wa kansa. Jagora Alhaji Za-a-Duba ya hau mumbari ya yaba wa Asusu, wanda ya share hawayen ɗalibai ɗari da sittin, duk da cewa ba su sami halarta ba saboda jirginsu bai sauka ba. Sannan ya gyara murya, fuskarsa ta yi nauyi.

"Rahoto ya iso mana," ya ce, "cewa talauci na neman ya yi ƙaranci a garin nan, har ana fargabar 'ya'yanmu za su rasa inda za su tsaya baɗi. Ina tabbatar wa jama'ar Lafiya-Lau cewa muddin ina kan wannan kujera, ba za mu bari haka ta faru ba. Kafin damina mai zuwa, kowa zai samu, har ya yi saura."

Aka yi tafi. Maroƙa suka ɗauka, makaɗa suka amsa. Lasifikar da ke kusa da su Balaraba tana ta ƙara, Malam Haladu bai ji komai ba, ya ja hannun rigarta.

"Me ya ce, Laraba?"

"Alkawari ya yi, Baba."

"To ai shi ke nan," in ji Malam Haladu, ya gyara hula. "Wanne suka taɓa cikawa?"

Balaraba ta ɗaga kai. Rumfar manya take kallo. 'Yan Majalisa goma sha biyun duk sun miƙe, sun naɗe hannun riga, sun nufi ofis da sauri, Sarkin Kasafi a gaba. Ko abincin taron ba su tsaya ci ba.